Nisan tafiyar jirgi tsakanin filayen jirgin sama biyu: wane adadi ne na gaskiya?

Tambaya: Na nemi sanin nisan da ke tsakanin Landan da New York ta jirgin sama. Wani shafi ya ce kilomita 5,540, wani ya ce 5,555, wani kuma ya ba ni 2,999 bai ma faɗi ko mene ne ba. A cikin jirgi kuma allon da ke gaban kujera ya nuna adadin da ya fi waɗannan. Wanne zan ɗauka, kuma yaya ake wannan lissafi?

Amsa: Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Abubuwa ne daban-daban aka auna, kowa ya kira nasa nisa. Akwai tazarar da ke tsakanin filayen biyu a bisa doron ƙasa, wadda ba ta canzawa. Akwai hanyar da aka tsara wa jirgin ya bi ranar. Akwai kuma abin da jirgin ya ci a zahiri kafin ya sauka. Na farkon ne kawai ake iya ba ka adadi guda a tsaya a kansa, shi ma sai an san da wane ma'auni aka auna da kuma daga ina zuwa ina.

Fara da adadin shafi na uku, domin shi ya fi sauƙi. 2,999 mil ɗin teku ne, ma'aunin da matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi. Mil ɗin teku ɗaya mita 1,852 ne cif, kamar yadda aka tsayar a wani taron ƙasa da ƙasa a Monako a 1929. Ka ninka 2,999 da 1.852, za ka sami kusan 5,555. Ke nan shafi na biyu da na uku magana ɗaya suka faɗa. Akwai kuma mil na tudu, wanda Amurka da Birtaniya suke auna hanyoyin mota da shi, shi kilomita 1.609 ne, kuma da shi wannan tazara ta zama 3,451. Kamfanonin jiragen sama da ke ba fasinja maki gwargwadon tafiyarsa galibi da mil na tudu suke ƙirga, ba na teku ba. Duk shafin da ya rubuta maka mil bai fayyace wanne ba, ka yi hattara da shi, don bambancin da ke tsakanin biyun ya kai kashi 15 cikin ɗari.

Abu na biyu, ba a auna nisa daga birni zuwa birni, daga fili zuwa fili ake aunawa. Landan tana da filaye shida da ke ɗaukar fasinja: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. New York tana da JFK da LaGuardia, ga Newark wanda ma yake cikin jihar New Jersey. Kowane fili yana da lambarsa mai haruffa uku da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta ba shi, ita ce kake gani a tikiti da takardar da ake maƙala wa jaka: LHR na Heathrow ne, LGW na Gatwick, EWR na Newark. Akwai kuma lambar birni gaba ɗaya, irin LON ko NYC, wadda ba ta nufin wani fili takamaimai. Idan ka saka sunan birni kawai, shafin zai zaɓa maka da kansa, ko ya auna daga tsakiyar gari. A doguwar tafiya wannan ba ya da wani tasiri mai yawa, amma a gajeriya yana iya ɓata lissafi baki ɗaya. Filin Beauvais ana sayar da tikitinsa da sunan Paris alhali ya yi nisan kusan kilomita 85 da birnin, Hahn kuma ya daɗe yana ɗauke da sunan Frankfurt amma sun rabu da sama da kilomita 100. Lambar ma tana iya ƙaura: a watan Afrilun 2019 lambar IST ta tashi daga tsohon filin Atatürk ta koma sabon filin Istanbul, saboda haka tsohon jadawalin da ba a sabunta ba zai auna maka daga inda jiragen fasinja ba sa sauka yanzu. A cikin filin kansa, akwai wuri guda da hukuma take bugawa a matsayin matsayinsa, yawanci kusa da tsakiyar titunan sauka da tashi, kuma daga nan ake farawa.

Yanzu ga ainihin maganar. Duniya dunƙulalliya ce, don haka hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a kanta ba ita ce miƙaƙƙen layin da za ka ja da rula a kan taswira ba. Samu ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, ka ɗora zare a kan Landan, ka ja ɗaya bakin zuwa New York har ya miƙe tam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Masana suna kiranta babbar da'ira, domin idan ka zarce da ita ta zagaye duniya za ta raba ta gida biyu daidai wa daida, kamar yadda layin ikwaita yake yi. Za ka lura zaren bai nufi kudu maso yamma ba, duk da cewa New York tana kudu da Landan da sama da digiri goma. Ya fara karkata ne arewa maso yamma, ya ratsa Ayalan, ya haura har kusan digiri 54 a tsakiyar Tekun Atlantika, sannan ya gangaro ta Newfoundland a gabashin Kanada. A kan taswirar bango wannan hanya kamar baka take bayyana, shi ya sa fasinja yake zaton matuƙi zagaye yake yi da shi. Laifin taswirar ne. Tsarin da mai zana taswira Mercator ya fitar a 1569, wanda yawancin taswirori na waya suka gada, yana buɗa ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, har Girinlan ta yi kama da girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Miƙaƙƙen layi a kan irin wannan taswira hanya ce ta riƙe kusurwa ɗaya a kamfas daga farko har ƙarshe, kuma tsakanin Heathrow da JFK ta fi babbar da'ira tsawo da kimanin kilomita 200.

Lissafin ba shi da wuya idan kana da kalkuleta mai maɓallan sin da cos. Abin da kake bukata shi ne latitud na kowane fili, wato nisansa daga ikwaita zuwa arewa ko kudu, da longitud ɗinsa, wato nisansa gabas ko yamma daga layin Greenwich da ya ratsa Landan. Heathrow yana digiri 51.47 arewa, 0.46 yamma. JFK yana 40.64 arewa, 73.78 yamma. Tunda duka biyun suna yamma, ka ɗebe ƙarami daga babba, bambancin longitud ya zama 73.32. Ka ninka sin na latitud na farko da sin na na biyu: 0.7823 sau 0.6513 ya ba da 0.5095. Ka ajiye. Sai ka ninka cos na latitud na farko da cos na na biyu da cos na bambancin longitud: 0.6229 sau 0.7588 sau 0.2870 ya ba da 0.1357. Haɗa biyun, 0.6452. Nemi kusurwar da cos ɗinta ya kai haka, wato ka danna maɓallin da ke juya cos baya, za ka sami digiri 49.82. Wannan ita ce kusurwar da filayen biyu suka yi idan aka duba su daga cibiyar duniya. Kowane digiri ɗaya a bisa doron ƙasa kilomita 111.2 ne, saboda haka 49.82 sau 111.2 ya ba da 5,540. Ka ga inda shafinka na farko ya samo nasa. Idan mil ɗin teku kake so, ka ninka digirin da 60 kai tsaye, domin tun asali an yi mil ɗin teku ne ya yi daidai da kashi ɗaya cikin sittin na digiri.

To ina kilomita 15 ɗin da suka raba 5,540 da 5,555? Wancan lissafi ya ɗauka duniya cikakken ƙwallo ce mai nisan kilomita 6,371 daga cibiya zuwa kowane gefe. Ba haka take ba. Ta ɗan kumbura a ikwaita, inda nisan ya kai kilomita 6,378, ta ɗan danne a ƙuryoyi, inda yake 6,357. Shafukan da suka fi tsanaki suna amfani da siffar da ake kira WGS 84, wadda na'urorin GPS suke aiki da ita, tare da wata dabarar lissafi da wani masani mai suna Vincenty ya wallafa a 1975. Nasu ya fi daidai. Amma bambancin ba ya wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ko'ina, kuma ga matafiyi babu abin da zai canza masa. A ganina, wanda ya tsaya jayayya kan waɗannan kilomita 15 ya bar babban abin ya kama ƙarami, domin iskar rana guda tana sauya tafiyar da fiye da haka nesa ba kusa ba.

Inda mutane suke yawan faɗawa rami a wannan lissafi wurare kaɗan ne. Na farko, ana rubuta matsayi sau da yawa da digiri da minti, kuma minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Digiri 51 da minti 28 shi ne 51.47, wanda ya rubuta 51.28 ya kawar da filin da kusan kilomita 21. Sai batun gabas da yamma: idan fili ɗaya yana gabas da Greenwich ɗaya yana yamma, haɗa su ake yi, ba ɗebewa ba. Haka idan ɗaya yana kudu da ikwaita, dole a sa wa latitud ɗinsa alamar ɗebewa, in ba haka ba ka mayar da shi arewa ba ka sani ba. Wanda yake aiki da Excel ko wani shiri na kwamfuta kuma ya tuna cewa su ba digiri suke karantawa ba, wani ma'aunin kusurwa mai suna radiyan suke jira, sai an juya tukuna. Idan aka manta, adadin da zai fito ba zai yi kama da komai ba. A tazara ƴar ƙarama sosai, ta kilomita ɗaya ko biyu, dabarar da na nuna tana rasa daidaito a ƙananan kalkuleta saboda adadin yana matsowa dab da 1, shi ya sa masu rubuta manhaja suka fi son wata sigarta da ake kira habasin.

Idan tafiyar ba ta wuce ƴan ɗaruruwan kilomita ba, akwai gajeriyar hanya. Ɗauki Heathrow da Charles de Gaulle na Paris, wanda yake 49.01 arewa, 2.55 gabas. Bambancin latitud 2.46 ne, sau 111.2, kilomita 274 ke nan daga arewa zuwa kudu. Bambancin longitud 3.01 ne, amma layukan longitud suna matsewa yayin da ake nisa da ikwaita, don haka bayan ka ninka da 111.2 sai ka sake ninkawa da cos na matsakaicin latitud, kusan 0.64, ka sami 214. Ka ninka kowanne da kansa, ka haɗa, ka ɗauki tushen jimlar da maɓallin √: kusan kilomita 348.

Duk wannan tazara ce a takarda. Jirgi ba ya bin ta daidai, kuma nan ne allon kujerarka ya sha bamban. Tun daga tashi ake fara ƙari. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, ko da hakan na nufin ya ba inda za shi baya na ƴan mintuna. Daga nan ya bi hanyar fita da aka tsara wa filin, wadda take kauce wa unguwanni saboda ƙara, ko duwatsu, ko hanyar wani fili da ke kusa. A sama ma ba fili ne sake ba. A wurare da yawa akwai hanyoyi da aka shata daga wata alama zuwa wata, ga yankunan soja da ba a ratsawa. Wajen sauka kuma a jera shi bayan wasu, ko a sa shi ya yi ta kewayawa yana jira idan fili ya cika. Saboda haka ne ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙirgenta na hayaƙin da tafiya ke fitarwa, take ƙara kilomita 50 a kan babbar da'ira idan tafiyar ba ta kai 550 ba, 100 idan tana tsakanin 550 da 5,500, 125 idan ta wuce haka. Ka lura da abin da wannan yake nunawa: ƙarin ya fi nauyi a gajeriyar tafiya. Kilomita 50 a kan 348 na Landan zuwa Paris kashi 14 ne cikin ɗari, amma 125 a kan 5,555 bai kai kashi 3 ba.

Babban mai juya hanya shi ne iska. A tsayin da jirage suke tafiya, kimanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai ƙoramar iska mai ƙarfi da take kwarara daga yamma zuwa gabas, kuma a lokacin hunturu a kan Atlantika tana iya wuce kilomita 300 a awa. Jirgin fasinja yana keta iska da gudun kusan kilomita 850 zuwa 900 a awa. Idan ƙoramar tana bayansa, gudunta yana haɗuwa da nasa. Idan tana gabansa, a ɗebe. Don haka mai tsara tafiya ba hanya mafi gajarta yake nema ba, wadda za ta ci mai kaɗan da lokaci kaɗan yake nema, ko da ta fi tsawo da ɗaruruwan kilomita. Mai zuwa gabas ya karkata ya shiga ƙoramar, mai zuwa yamma ya kauce mata. Kusan kullum cibiyoyin kula da zirga-zirgar jirage na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ayalan suna fitar da sababbin hanyoyin ratsa tekun gwargwadon inda iskar ta kwana. Wannan ne ya sa New York zuwa Landan take ɗaukar kusan awa 7, dawowa kuma kusan awa 8, a kan tazara guda. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Nisan bai ragu ba, iska ce ta ɗauke shi.

Akwai kuma hanyoyin da aka rufe. Tun watan Fabrairun 2022 jiragen ƙasashen Tarayyar Turai ba sa shiga sararin samaniyar Rasha. Helsinki zuwa Tokyo, wadda kamfanin Finnair yake yi a da cikin kimanin awa 9 ta kan Saiberiya, ta koma kusan awa 13, ko ta ƙuryar arewa ko ta kudancin Rasha. Shafin lissafin nisa zai ci gaba da ba ka tsohon adadi, domin babbar da'ira ba ruwanta da siyasa. Jirage masu inji biyu kuma suna da ƙa'idar da ake kira ETOPS, wadda take iyakance nisan da za su yi da filin da za su iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. Da can minti 60 ne, aka kai 120 a 1985, sannan 180, yanzu kuma Airbus A350 yana da izinin har 370, shi ya sa wannan ƙa'ida ba ta lanƙwasa hanya kamar da. Tudun Tibet ma yawanci ana kewaye shi: idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko zuwa kusan ƙafa 10,000 kafin iskar shaƙa ta gaggawa ta ƙare, ƙasar wurin kuwa ta fi wannan tsayi.

Hanya mafi tsawo da ake yi ba tsayawa tana nuna duk wannan a fili. Singafo zuwa JFK kilomita 15,349 ne a babbar da'ira, wadda take wucewa kusa da ƙuryar arewa, kuma tana cin sama da awa 18. Amma jirgin yakan tafi ta Tekun Fasifik, wani lokaci ya dawo ta Atlantika da Turai, yana bin iska a duka zuwa da dawowa, ya ƙara tafiyar da ta wuce kilomita dubu a kan adadin takarda. A ɗaya gefen, tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Sikotlan akwai jirgin fasinja da tafiyarsa ba ta kai kilomita 3 ba.

Idan za ka yada zango a wani fili, ka auna kowane ɓangare daban ka haɗa. Landan zuwa Singafo kai tsaye kusan kilomita 10,900 ne; ta Dubai kuwa kusan 5,500 ne da 5,850, jimla 11,350. Ƙarin bai kai 500 ba domin Dubai ba ta yi nesa da hanyar ba. Inda zangon ya kauce wa babbar da'ira sosai, ƙarin yana iya kai dubbai.

Game da mayar da nisa zuwa lokaci, ƙiyasin da yake aiki shi ne ka raba kilomita da 800, ka ƙara rabin awa na hawa da saukowa da tafiya a ƙasa, sannan ka ɗan rage idan gabas za ka, ka ɗan ƙara idan yamma. Lokacin da ke kan tikiti daga barin wurin ajiye jirgi ne zuwa tsayawa a wancan, ba daga tashi zuwa sauka ba, kuma kamfanoni sukan ƙara masa ƴan mintuna don kada a ce sun makara. Agogon kowane gari ake rubutawa: tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe da isa New York ƙarfe 1 na rana awa 8 ne, ba 3 ba, tunda akwai bambancin awa 5.

Wanne za ka ɗauka ya danganta da abin da za ka yi da shi. Don kwatanta hanyoyi ko ƙirga makin tafiya, babbar da'ira tsakanin lambobin filayen biyu ita ce ma'auni, kuma 5,555 ya fi 5,540 daidai. Don neman diyyar jinkiri a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ma ita ce: dokar ta raba tafiye-tafiye a kilomita 1,500 da 3,500, da diyyar Yuro 250, 400 da 600, kuma ta ce da babbar da'ira za a auna. A 2017 kotun Tarayyar ta yanke cewa ga mai yada zango, daga filin farko zuwa na ƙarshe kai tsaye ake aunawa, ba jimlar ɓangarorin ba, don haka mai tafiya dab da ɗaya daga waɗannan iyakoki ya tabbatar da lambar filinsa kafin ya rubuta takarda. Idan kuwa abin da jirginka ya ci a wata rana kake son sani, sai ka nemi lambar tafiyar da kwanan watan a shafukan bin sawun jirage irin FlightAware ko Flightradar24, su za su nuna maka layin da ya bi a zahiri.